Dutsen Tebur: Kada A Tsaya A Inda Mota Ta Ajiye Mutum

 Sharhinmu na yau zai kai mu can ƙarshen nahiyarmu ta kudu, birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda majalisar dokokin ƙasar take zama, wanda ƙidayar 2022 ta nuna yana ɗauke da mutum sama da miliyan 4.7. Manyan birane da yawa suna da lambun shaƙatawa a tsakiyarsu. Shi wannan birni dutse ne zaune a tsakiyarsa, mai tsayin mita 1,086 daga bakin teku, samansa a shimfiɗe, faɗin kusan kilomita uku, abin da ya sa ake ce masa Dutsen Tebur. Unguwanni sun kewaye shi, kuma duk mai son zuwa ɗaya gefen garin dole ya zagaya.

Tun watan Mayun 1998 dutsen yake cikin gandun daji na ƙasa, wanda ya miƙe daga tsaunin Signal Hill da ke cikin gari har zuwa Cape Point, fili sama da murabba'in kilomita 200. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne mafi yawan wannan gandu ba shinge, ba ƙofa, ba mai karɓar kuɗi. Titi ya ƙare, hanyar ƙafa ta fara, ke nan ka shiga. Wurare kaɗan ne ake biya, irin su Cape Point da gaɓar Boulders.

Hanyar hawa mafi sauƙi ita ce motar igiya, wato wani ɗaki mai tagogi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, inji yana jansa daga gindin dutsen zuwa samansa. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1929, aka sabunta ta a 1997. Kowace mota tana ɗaukar mutum 65, tafiyar kamar minti biyar ce, kuma daɓen yana juyawa a hankali don kada a yi rububin taga: inda kake tsaye kowace kusurwa za ta zo ta same ka. A ƙarƙashinta akwai tankin ruwa da ke ƙara mata nauyi kada iska ta yi wasa da ita, kuma ta nan ake kai ruwa sama.

Sai dai ita iskar ce ke da ta cewa. Lokacin zafinsu, wato daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da mu muke fama da hunturu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke bugowa daga kudu maso gabas. Takan ɗebo laima daga teku, ta hau dutsen, ta yi sanyi, sai ta zama farin gajimare da ke kwanciya a samansa yana kwararowa ta gefe, ya ɓace tun bai kai ƙasa ba. Mutanen gari suna ce masa mayafin tebur. Suna ma da tatsuniyarsa, wai wani tsohon ɗan fashin teku mai suna Van Hunks ne yake gasar busa taba da Shaiɗan, hayaƙinsu ne ya turnuƙe dutsen. Daga ƙasa abin sha'awa ne. Ga wanda yake sama kuwa, ko tafin hannunsa da ƙyar zai gani, ga sanyi mai shiga ƙashi. Idan iskar ta yi ƙarfi rufe motar ake yi, ko da mutum ya sayi tikitinsa. Don haka shawarar da kowane ɗan gari zai ba ka ita ce: duk safiyar da ka buɗe taga ka ga dutsen tas, ajiye abin da ka shirya ka tafi, kada ka ce sai gobe.

Mai ƙarfin gwiwa yana iya hawa da ƙafa. Hanyar da aka fi bi ita ce kwazazzabon Platteklip, wata tsaga da ta raba fuskar dutsen, wadda ta nan ne wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, António de Saldanha, ya hau a 1503. Littattafai sukan ce shi ne Bature na farko da ya hau, kuma da kyau da suke cewa Bature, don mutanen Khoi da San suna zaune a gindin dutsen shekaru aru-aru kafin jirginsa ya iso. Hanyar ba ta da ruɗani, matattakalar duwatsu ce daga ƙasa har sama, amma tana cin awa biyu zuwa uku, kuma inuwa kaɗan ce. Wanda ya saba hawan Dala ko Kufena kada ya ce ai duk dutse dutse ne. A nan sai da ruwa isasshe, da takalmi mai kama ƙasa, da rigar sanyi a jaka ko da gumi kake yi a ƙasa.

To an isa sama. Abin da ido zai fara gani ba zai burge wanda ya zo neman manyan bishiyoyi ba. Tsirrai ne gajeru masu ƙananan ganyaye, a kan ƙasa mai yashi maras taki, waɗanda ake kira fynbos. Kada a raina su. A kan dutsen nan da tudun da ke bayansa kaɗai masana sun ƙirga nau'in tsirrai kusan 1,500, a zirin ƙasar da ya miƙe har Cape Point baki ɗaya kuma sama da 2,200, wasunsu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Saboda su ne hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya a 2004. Furen protea, wanda yake alamar ƙasar, ɗan wannan dangi ne. A kan duwatsun kuma za ka ga rema suna shan hantsi, sun saba da mutane har suna leƙa jakar abinci. Masana dabbobi sun ce giwa tana cikin danginsu na kusa, ko da yake in ka dube su da wuya ka yarda.

Gajimaren nan da ke ɓata wa masu ɗaukar hoto rai, shi ne ke shayar da tsirran. Laimarsa tana maƙalewa a ganye, ta ɗiga, ta ratsa dutsen, ta fito a gindinsa a matsayin ƙoramu da maɓuɓɓugai. Ruwan nan ne asalin garin. Don shi ne Jan van Riebeeck ya sauka a nan a watan Afrilun 1652, kamfanin kasuwancin Holan ya aiko shi ya kafa zango inda jiragen da ke tafiya gabas za su ɗebi ruwa da ganye da nama. Da garin ya girma sai aka hau saman dutsen aka gina madatsun ruwa guda biyar, ta Woodhead a 1897, ta Hely-Hutchinson a 1904, da sauransu, kuma har yau suna nan. Yanzu ɗan kaɗan ne daga ruwan birnin yake fitowa daga gare su. Amma a farin da aka yi daga 2015 zuwa 2018, lokacin da hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana har ana ƙirga ranar da za a rufe famfuna, an ga masu manyan motoci da masu tafiya a ƙasa a layi ɗaya, kowa da jarkarsa, a bakin maɓuɓɓugar Newlands da ke gindin dutsen.

Sai batun wuta. Tsirran fynbos suna buƙatar gobara bayan kowace shekara goma sha wani abu, don akwai irin da ba ya tsirowa sai ya ji zafi ko hayaƙi, wani ma tururuwa ce ke kai shi ƙarƙashin ƙasa ya jira. Ka ga ke nan masu kula da gandun suna cikin tsaka mai wuya: daji yana son wuta, ga gidajen mutane manne da shi. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne baƙin bishiyoyin da Turawa suka kawo daga Turai da Ostireliya suka dasa, waɗanda suka fi na gida shan ruwa, in sun kama kuma wutarsu ta fi zafi nesa ba kusa ba. Tun 1995 gwamnati take ɗaukar marasa aikin yi suna sare su, kuma har yanzu ba a gama ba. Ranar 18 ga Afrilun 2021, cikin watan azumi, wuta ta tashi a gangaren tsaunin Devil's Peak da ke gefen dutsen, iska ta kora ta cikin Jami'ar Cape Town, ta cinye zauren karatu na Jagger inda ake ajiye tarin littattafai da takardu da finafinai kan tarihin Afirka. An kwashe dubban ɗalibai daga ɗakunan kwanansu. Asarar nan ba ta mutanen Cape Town kaɗai ba ce.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan batu. Yawancin masu ziyara, da motar igiya ta ajiye su, a nan kusa suke tsayawa. Su leƙa yamma su ga Tekun Atlantika da farin yashin Camps Bay da Clifton, inda gidaje suke cikin mafiya tsada a duk nahiyar Afirka. Su leƙa arewa su ga tashar jiragen ruwa da tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure. A ɗauki hoto, a sha shayi, a sayi tsaraba, a sauka. Ba laifi ba ne. Amma a ganina wanda ya yi haka rabin garin ya gani, kuma rabin da aka gyara don baƙo.

Ka matsa bakin dutsen ta arewa ka sunkuyar da kai. Dab da tsakiyar birni, inda kowane taku na ƙasa kuɗi ne, za ka ga wani fili mai ciyawa, da masallatai da coci-coci tsaye jefi-jefi ba gidaje kewaye da su. Nan ce unguwar District Six. A da cike take da jama'a, Musulmi da Kirista da Yahudawa, baƙi da masu ruwa biyu da Indiyawa, teloli da ma'aikatan tashar jirgi da mawaƙa. Ranar 11 ga Fabrairun 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta a matsayin unguwar farar fata zalla, ƙarƙashin dokar raba unguwanni ta 1950. Katafila ta shiga. Kafin 1982 an kwashe mutum sama da 60,000, kusan ba a bar komai ba sai wuraren ibada. An fara mayar da wasu daga cikinsu a 2004, amma aikin yana tafiyar hawainiya, da yawa sun mutu suna jiran makulli.

Ina aka kai su? Amsar tana ɗaya ƙarshen teburin. Akwai hanyar ƙafa da ta ratsa saman dutsen zuwa gabas, tafiyar kusan awa guda, har wata tarin duwatsu da ake kira Maclear's Beacon, wadda ita ce ƙololuwar dutsen. Mutane kaɗan ne suke wahalar da kansu su je. Daga wajen nan ne za ka hango wani shimfiɗaɗɗen fili mai yashi da ya tafi iyakar ganinka, rufin kwano yana ƙyalli a rana. Shi ne Cape Flats. Nan aka zuba waɗanda aka kora daga District Six da sauran unguwannin gindin dutse, a Manenberg da Hanover Park da Mitchells Plain. Can gaba kuma Khayelitsha ce, wadda aka kafa a 1983 don baƙaƙe, kimanin kilomita 30 daga tsakiyar gari. Da damina ruwa ya kwanta musu, da rani iska ta watsa musu yashi, gobara kuma in ta kama ɗakunan langa-langa sai ta yi layi.

Daga sama tsarin a fili yake, ba sai an yi maka bayani ba. Inda inuwar dutse da bishiyoyi da ƙoramu suke, Constantia da Bishopscourt da Newlands, nan aka ware wa farare. Gwargwadon duhun fatarka gwargwadon nisanka da dutsen. An soke dokokin tun farkon shekarun 1990, amma farashin gida ya karɓi aikin da doka take yi. Shi ya sa in aka ce shiga gandun kyauta ne, gaskiya ne, sai dai ma'aikaciyar gidan da ke tasowa daga Khayelitsha tun asuba, kuɗin mota ya cinye mata kaso mai tsoka na albashi, ba za ta sake biyan wani kuɗin ranar hutunta don ta zo shan iska ba. Kamfanin motar igiya yana ba 'yan ƙasa tikiti kyauta albarkacin ranar haihuwarsu, kuma ana kawo 'yan makaranta. Abin a yaba ne, amma bai taɓa tushen matsalar ba.

Kuma kakannin mutanen nan da aka nesanta su ne suka fi kowa sanin dutsen. Tun 1658 aka fara sauke bayi a nan, jirgi ɗaya da mutanen Angola, ɗaya daga gaɓar Afirka ta Yamma, daga baya kuma daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indonesiya. Su ake aikawa itace a kan dutsen. Matansu ne suke ɗaukar ƙullin wankin iyayen gidansu zuwa ƙoramar Platteklip. Wanda ya gudu kuma, kogunan dutsen ne mafakarsa. Sai a 1834 aka soke bauta, shi ma aka ce su ƙara shekara huɗu suna yi wa iyayen gidan aiki.

Cikin waɗanda Holan ta koro daga ƙasashensu zuwa nan akwai malamai. Shehu Yusuf na Makassar an kawo shi a 1694, ya rasu a 1699. Imam Abdullahi ibn Ƙadi Abdussalam, wanda aka fi sani da Tuan Guru, ɗan sarautar Tidore ne, an tsare shi a tsibirin Robben tun 1780, kusan shekara 200 kafin Mandela, a can kuma ya rubuta Alƙur'ani da ka. Da aka sake shi ya buɗe makaranta, ya zama limamin Masallacin Auwal da aka kafa a 1794, masallaci na farko a ƙasar, a unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala da ke gangaren Signal Hill. Kabarinsa yana maƙabartar Tana Baru a saman unguwar. Hubbarorin irin waɗannan bayin Allah, da mutanen can suke kira kramat, sun fi 20 a kewayen dutsen da zirin.

Na san a cikin masu saurarona akwai masu zuwa ziyarar hubbare, akwai masu ganin bai dace ba, kuma ba wannan muhawara na zo tayarwa ba. Abin da nake so a ji shi ne aikin da kaburburan nan suka yi wa dutsen. A gefen yamma, gaba da Camps Bay, akwai wani gangare mai kallon teku da ake kira Oudekraal. A 1957 hukuma ta ba mai filin izinin yanka shi fuloti-fuloti. Shekaru suka wuce ba a gina ba. Da aka tashi ginawa a 1996, Musulmin birnin da masu kare muhalli suka fito tare suka ce ba su yarda ba, don a cikin dajin nan akwai hubbarori da tarin kaburburan Musulmi na zamanin bauta. Magana ta je kotu. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta gano cewa taswirar da aka gabatar lokacin neman izinin ba ta nuna kaburburan ba sam, a 2004 ta ce izinin ba a ba da shi bisa ƙa'ida ba, a 2009 kuma ta tabbatar da soke shi. Yau in ka bi titin bakin teku daga Camps Bay zuwa Llandudno ka ga daji ya sauko daga dutse har ruwa a wannan yanki, bayin da aka binne a ɓoye suna da kaso a ciki. Ɗaliban lauya a ƙasar har yanzu suna karanta wannan shari'a.

Gefen gabas kuma labarinsa daban ne, kuma ba shi da daɗin faɗa. Cecil Rhodes, wanda ya ƙwace ƙasashen mutane har aka sa wa ƙasa sunansa, shi ne ya saye gangaren ya bar wa al'umma wasiyya da ya mutu a 1902. A kan filinsa aka kafa lambun tsirrai na Kirstenbosch a 1913, a kansa jami'ar take. Ɗalibai sun sa an cire gunkinsa daga harabar a watan Afrilun 2015, kuma ina ganin sun yi daidai, ko da yake dajin da suke zama a inuwarsa ta hannunsa ya tsira daga masu gini.

Ba zan rufe ba sai na faɗi abin da takardun talla ba sa son faɗa. Gandun da ba shi da shinge kowa yana shiga, har da ɓata-gari. Ana yi wa masu hawa ƙwacen waya da jaka a wasu hanyoyin, wani lokaci da makami, musamman wanda ya tafi shi kaɗai ko ya yi sammako fiye da kima. Hukumar gandun tana da masu gadi da karnuka, amma fili ne mai faɗi. Hatsarin da ya fi wannan yawa ma shi ne na ganganci: mutum ya hau da silifas, hazo ya rufe, ya bar hanya, sai masu aikin ceto na sa-kai sun fita nemansa da jirgi mai saukar ungulu. A tafi a ƙungiya, a faɗa wa wani hanyar da za a bi, a ajiye lambar masu ceto a waya.

Wanda kuma ya ɗauki shawarata zai taka zuwa ƙarshen gabas, ya tambayi lokacin motar ƙarshe tun kafin ya tashi, ya ware awa biyu na zuwa da dawowa. In ya ji an busa jiniya daga tashar sama, alama ce iska ta taso ana shirin rufewa, ya juyo nan take. Wanda motar ta bari, hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce matattakalar Platteklip, kuma masu hawa sun ce saukarta ta fi hawanta cin gwiwa.